Maƙwabci ya zo aron tocila mai ƙarfi: wacce za ka miƙa masa?

Malam, tambayarka ita ce maƙwabcinka mai gadi ne a wani sito a Apapa, tocilarsa ta mutu, ya ga hasken tocilarka mai ƙarfi, Emisar D4V2, ya nemi aronta na mako guda. Kana jin nauyin hana shi, kana kuma tsoron abin da zai biyo baya. Shawarata ita ce kada ka bar shi ya tafi gadi cikin duhu, amma ba wannan tocilar za ka ba shi ba. Duk mai tara tociloli ya kamata ya ware guda ɗaya ko biyu na aro, waɗanda ko sun ɓata ba za su hana shi barci ba, kuma ba za su cutar da wanda ya karɓa ba. Da yawanmu muna tuna ayar ƙarshe ta Suratul Ma'un idan aka zo aron ƙaramin abu, kuma daidai ne mu tuna. Sai dai ba a ce ka damƙa wa mutum abin da zai ƙona shi ba.

Tsadar tocilar ba ita ce babbar damuwa ba, zafi ne da batir. D4V2 idan ta hau turbo, wato matakinta mafi ƙarfi, tana jan sama da amfiya 10 daga batir guda, kanta yana yin zafin da ba ya riƙuwa kafin minti ɗaya, hasken kuma idan yana kusa da yadi ko leda yana ƙona su. Makunninta a gefe yake. Mutum ya jefa ta aljihun rigar sanyi, ya zauna a benci, makunnin ya dannu, sai ƙaurin yadi ne zai sanar da shi. Mu mun saba danna makunni sau huɗu don kulle ta, ko mu sassauta murfin gindi kwatan zagaye don yanke wuta gaba ɗaya. Shi bai san da wannan ba, ko ka faɗa masa ma dare na biyu ya manta.

Akwai kuma abin da zai ɗauka lalacewa ce. Manhajar Anduril da ke cikinta tana rage haske da kanta idan zafi ya kai wajen digiri 45, a Legas kuma inda dare ma ba ya sanyi sosai, nan da nan take kaiwa. Zai ga haske ya ragu, ya sake danna ta sau biyu don ta koma turbo, ya sake, har batirin ya ƙare tun tsakar dare. Daga nan ne matsalar gaske take farawa, domin wannan tocilar ba ta da wurin sa wayar caji. Dole ya ciro batirin.

Batirin litiyam mai lamba 18650 da irin waɗannan tociloli suke so ba shi da kariya a jikinsa. Cikarsa 4.2V, bai kamata ya sauka ƙasa da 2.5V ba. Duk gangar jikinsa ɓangaren nagatif ne, siririyar ledar da aka naɗe shi da ita da ɗan zoben takarda a kansa su kaɗai suka raba shi da fozitif. Idan ledar ta yage a bakin kai, ko aka sa shi aljihu ɗaya da makullai, ƙarfe ya haɗa ɓangarorin biyu, wutar da za ta bi tana iya sa shi ya yi feshin wuta a jikin mutum. Wanda bai sani ba zai kai shi rumfar masu cajin waya a maƙala masa cajar nan mai ƙafa biyu, ko ya mayar da shi a juye cikin duhu. Saboda haka ƙa'idar farko a wurina: wanda ka ara wa tocila kada ya taɓa samun dalilin buɗe ta. Kuma ba a ba da batirin litiyam tsirara a matsayin na ko-ta-kwana, sai cikin akwatinsa na roba, shi ma sai ga wanda ya san abin da yake riƙe da shi.

To me za ka ba mai gadi? Tocila mai batir 18650 guda ɗaya da ramin caji na USB-C a jikinta, irin Wurkkos FC11 da makamantanta. Makunni ɗaya, matakan haske kaɗan, ya caja ta da kan cajar wayarsa. Ka haɗa masa da wayar cajin da ka gwada da hannunka, domin wasu tociloli ba sa karɓar caji ta waya mai C a duka bakuna biyu, saboda ba a sa musu 'yan resisto na 5.1k a ramin ba, sai mai bakin A zuwa C. Idan ba ka gaya masa ba zai kwana yana caji, da yamma ya tarar ba ta ɗauki komai ba. Ka nuna masa robar da ke toshe ramin cajin, ka ce ya tura ta ta zauna daidai duk bayan caji. Rubutun IPX8 da ke kan kwali, mai nuna ruwa ba ya shigarta, ba ya aiki idan wannan robar a buɗe take, ruwan Yuni da Yuli a garin nan kuwa ba sai an ba ka labari ba.

Lissafin lokaci shi ne abin da ya fi amfanar mai gadi, ba yawan lumen, wato ƙarfin haske, ba. Batir mai 3000mAh idan tocila tana jan 350mA zai kai wajen awa takwas da rabi, hasken kuma ya haura lumen 100, wanda ya isa zagaya sito da duba kwaɗo. Idan tana jan amfiya ɗaya, awa uku ke nan. Ka nuna masa matakin tsakiya ka ce nan ne wurin aikinsa, mafi ƙarfin sai idan ya ji motsi a nesa, shi ma na ɗan lokaci.

Wanda yake da Convoy S2+ ma yana da tocilar aro mai kyau, musamman mai guntayen 7135 guda huɗu. Kowane guntu 350mA yake bari ya wuce, huɗu sun ba da amfiya 1.4, zafinta ba ya kai na ƙuna. Idan mai rukunin matakan haske 12 ce, ka sa ta a rukuni na 8, wanda iyakarsa kashi 50 cikin ɗari kuma babu walƙiya a ciki. Makunninta a gindi yake, yana yanke wuta ɗungurungum. Aibinta ɗaya, ba ta da ramin caji, don haka ta dace da aron dare ɗaya ko biyu, ko maƙwabcin da zai riƙa kawo maka ita kana canza masa batir da kanka.

Idan kuwa mai Anduril 2 kaɗai gare ka kuma babu makawa sai ka bayar, mayar da ita yanayi mai sauƙi kafin ta bar hannunka: tana kashe, danna sau goma. A nan an rage mata iyakar haske, an kuma rufe saitunan da ke rikita mutane. Idan ta dawo, danna sau tara ka riƙe na goma, ta koma yadda ka saba. Muhimmancin wannan shi ne a cikakken yanayi, wanda ya danna sau biyar bisa kuskure zai shiga matakin da tocila ba ta kamawa sai ana riƙe da makunni, kuma ba a fita sai an yanke wutar batir. Mutum zai rantse ta lalace, ya kai ta wurin mai gyaran rediyo a buɗe ta da sukundireba.

Ga sauran masu zuwa aro, ka duba aikin da za su yi. Mai sauke buhunan albasa da kwandunan tumatir da asuba a kasuwar Mile 12, ko bakanike da ke ƙarƙashin mota, hannuwansa biyu yake buƙata, tocilar goshi ce tasa. Uwargida da ke son haske a ɗaki ko madafa idan an ɗauke wuta, a ba ta wadda ke tsayawa a kan gindinta ta haska silin, ko mai farar hular roba da ke baza haske. Yara da dattawa da baƙon da zai leƙa banɗaki, tocila mai batirin AA ce kawai. Batirinta ana samu a kowane kiyos, ba ta zafi, kuma ko an yi kuskure ba ya zama gobara.

Amma ita ma AA tana da tarkonta. Batirin litiyam mai lamba 14500 girmansa ɗaya da AA, ƙarfinsa kuwa 3.7V ne maimakon 1.5V. Tocila irin Convoy T3 tana karɓar duka biyun, amma wanda ya ciro 14500 daga cikinta ya sa a rediyo ko rimot ya ƙone su. Don haka ka cire shi ka sa na gama-gari kafin ka bayar. Idan Eneloop ka sa, wato batirin AA da ake sake cajinsa, ka sani mai aro zai iya jefar da shi idan ya ƙare, yana ganin irin su Tiger Head ne da ake yarwa. Ko ka naɗa masa salatif ka rubuta a kai, ko ka bar Eneloop ɗinka a gida. Batirin yarwa kuma idan ya daɗe a ciki yana zubar da ruwa ya ci sifirin, danshin Legas yana ƙara gaggauta tsatsar. Idan ka ga farin gari na batirin alkalin, ɗan ruwan lemun tsami a kan auduga yana narkar da shi, sai ka goge ka bar ta ta bushe sarai.

Akwai waɗanda ba na ganin a ara wa kowa sai ɗan'uwa a wannan harka: masu batir biyu ko uku a jere, domin idan aka haɗa cikakke da wanda ya yi rauni, mai raunin ne ke shan wahala har ya iya fashewa, masu amfani da batirin CR123A, wanda 3V ne kuma ba a cajinsa, amma mai aro zai gwada, masu hasken UV, da masu dogon zango irin LEP da ke aiki da leza. Waɗannan na ƙarshe idan aka haska su a fuskar direba a titi, haɗari ne na rai.

Ranar bayarwa, ka cika batirin, ka duba ledarsa, ka ɗauki hotonsa da na tocilar. Ka shafa man silikon kaɗan a zoben roba, ba basilin ba, domin yana lalata wasu robobin. Ka ɗaura mata igiyar hannu, yawancin fashewar gilashi daga faɗuwa kan siminti ne. Sannan ka miƙa masa ya kunna, ya canza mataki, ya kashe, ya toshe ramin caji da hannunsa a gabanka. Bayani da baki ba ya zama, abin da yatsa ya yi shi ne ake tunawa. Ka gaya masa kada ya haska idon mutane ko jami'an tsaro a shingen bincike, kada ya bar ta a gaban mota cikin rana, kada ya bar ta a caji ya fita ko ya ɗora ta kan katifa tana caji. Idan tafiya Arewa zai yi ta jirgi, batirin litiyam da ba ya cikin na'ura a jakar hannu ake riƙe shi, ba a kayan da ake aunawa ba. Ku kuma yanke ranar dawowa da baki. Aron da ba a sa wa rana ba shi ne yake rikiɗewa ya zama kyautar dole.

Idan ta dawo kada ka jefa ta durowa. Buɗe ka tabbata batirinka ne a ciki. Wani da kyakkyawar niyya zai ga naka ya ƙare ya sayo maka sabo mai rubutun 9900mAh, alhali 18650 na gaskiya bai cika wuce 3500mAh ba. Na kirki irin Samsung 30Q nauyinsa wajen giram 45 ne zuwa sama kaɗan, na jabu ko a tafin hannu za ka ji ba shi da nauyi. Ka auna da mita. Idan ya sauka ƙasa da 2.5V ka yi hattara da shi, idan ya kwana biyu ƙasa da 2V ka haƙura da shi, ka rufe bakunansa da salatif ka ware shi. Ledar da ta yage ana sake ta da sabuwa kafin a yi amfani da shi. Ka duba cikin gilashi, idan akwai raɓa ruwa ya shiga, ka cire batir ka bar ta a buɗe ta bushe kwana biyu. Wadda ta yi aiki a Apapa ko wajen Lekki, iskar gishiri tana barin kore-kore a kan tagulla, a goge da sifirit. Idan tana ƙyaftawa, kafin ka zargi kowa ka duba zoben ƙarfen da ke riƙe makunni a cikin murfin gindi, yawanci shi ne ya sassauta, ɗan matsi da hantsaki ya wadatar.

Maganar biya idan ta ɓata, malamanmu na Malikiyya suna cewa abin aro da ake iya ɓoyewa, irin tufa da kayan hannu, lamuninsa yana kan wanda ya ara, sai idan ya kawo shaidar cewa ya salwanta ba da sakacinsa ba. Tocila tana cikin wannan. Amma adalci shi ne ya san darajarta tun kafin ya karɓa. Mutum yana ganin irin ta bakin titi ce, kada ka bari sai ta ɓata sannan ka ambaci kuɗin da zai kai rabin albashinsa. Wannan ma wani dalili ne na ware mai arha don aro, wadda idan ya zo yana ba da haƙuri za ka iya cewa ka yafe har cikin zuciyarka.

Shi maƙwabcin naka, tunda gadi sana'arsa ce, mako guda ba zai kashe masa buƙata ba. Cikin makon ka taimaka masa ya samu tasa. Ko a Alaba ko Computer Village ko ta intanet za ku saya, ka tsaya a kan mai USB-C da batir guda, ka kauce wa masu zuƙowa da ke ɗauke da alƙawarin lumen dubu ɗari, domin kansu mai zamewa yana shan ruwa da ƙura. Batirin kuma kai za ka zaɓa masa, ka auna shi, ka sa shi a ciki da hannunka, ka ce duk ranar da ya ga caji ya daina kai shi asuba ya kawo maka ka duba.