Hukuncin Kiwon Tururuwa a Akwatin Gilashi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina so in zuba ƙasa da yashi da 'yan tsirrai a akwatin gilashi, in ajiye tururuwa ina kallon rayuwarsu tare da yarana. Wani ya ce mini tsare su zalunci ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, wannan ya halatta bisa sharaɗi, kuma sharaɗin ne ya fi nauyi.

Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa ƙaninsa Abu Umair yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Annabi (SAW) ya sani bai hana ba. Daga nan malamai suka ciro halaccin tsare dabba ga mai kula da ita. Kallon tururuwa kuwa ba wasan banza ba ne. Allah Ya ambaci sura guda da sunanta, Ya kuma ce a Suratul An'am, aya ta 38, dabbobi al'ummu ne irinmu.

Sai dai Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nema ba. Ranar da ka rufe murfin nan, ci da shansu sun koma wuyanka. Don haka tsarin akwatin kansa yana cikin hukuncin. Ƙasar kada ta zama wadda aka yi wa feshin maganin ƙwari. Gefe guda ya kasance da danshi, ɗayan a bushe, su zaɓi inda za su ajiye ƙwai. Ka jiƙa auduga da ruwa maimakon zuba musu ruwan sha a buɗaɗɗen mazubi, domin ɗigon da kai ba ka ɗauka a bakin komai ba yana nutsar da su. Tururuwarmu mai jidar hatsi gero ya ishe ta galibi. Wasu nau'o'in sai da ruwan sukari da mataccen ƙwaro saboda 'ya'yansu. Ka rufe ɓangaren ramin da baƙin ƙyalle. Abin da na fi ji maka tsoro shi ne rana: gilashin da aka bari a taga cikin bazara yakan gasa su kafin azahar, kuma wannan kisa ne na sakaci. Abu Dawud ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Annabi (SAW) ya hana kashe halittu huɗu, tururuwa na ciki.

Saura yadda za ka same su. Kada ka sa fartanya ka tone gidansu. Za ka hallaka dubbai, kuma da wuya ka kai ga sarauniya, wato uwarsu mai saka ƙwai, alhali in babu ita waɗanda ka kwaso ƙarewa za su yi ɗaya bayan ɗaya. Ka tuna annabin da tururuwa guda ta ciza ya sa aka ƙone gidansu, Allah Ya yi masa wahayi cewa ya ƙone al'umma mai tasbihi. Ka jira faɗuwar damina, lokacin da masu fikafikai ke fitowa. Sarauniyar da ta yar da fikafikanta tana yawon neman mazauni, ita za ka ɗauka, ba ka rushe gidan kowa ba.

Saye kuwa akwai saɓani. Da yawan malamai sun hana cinikin ƙwarin da ba su da amfani, Malikiyya suka sassauta a kan duk abin da ke da amfani halattacce, kuma ni ina ganin koyo da koyarwa amfani ne. Amma ka nisanci waɗanda aka yi fasaƙwaurinsu. A 2025 kotu a Kenya ta hukunta wasu matasa biyu 'yan Beljiyam da aka kama da sarauniyoyi kusan 5,000. Baƙon nau'i idan ya kuɓuta yana iya zama annoba.

In ka gaji, ko tafiya ta kama ka, ka miƙa su ga mai kula, ko ka mayar da su inda ka ɗauko su. Wallahu a'alam.