Ma'ana sai ta tafi ta dawo

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa malaminku ya soke ma'anar da ka rubuta, cewa "murabba'i siffa ce mai gefe 4". Gaskiyar malam ce. Juya maganar ka gani: shin duk siffa mai gefe 4 murabba'i ce? Dubi ƙofar ɗakinka. Gefenta 4, amma tsawonta ya fi faɗinta. To ka ga maganar ta tafi, ta kasa dawowa.

A ilimin siffofi, ma'ana sai ta yi gaskiya gaba da baya. Shi ake rubutawa p ↔ q (p da q na wakiltar ɓangarorin maganar biyu), a karanta "idan, kuma sai idan". Sai ka gyara: siffa murabba'i ce idan, kuma sai idan, tana da gefe 4 masu tsawo ɗaya, kowace kusurwa kuma digiri 90.

Amma fa ba duk magana mai tafiya da dawowa ce ma'ana ba. Ƙa'idar Fitagoras ma haka take, kuma hujja aka kafa mata. Ita ce ta ce a siffa mai gefe 3 da ke da kusurwa mai digiri 90, in ka ninka tsawon kowanne daga gajerun gefe biyun da kansa ka haɗa, za ka samu tsawon dogon gefen an ninka shi da kansa. Dawowarta ce magini ke mora in ya ja igiya ƙafa 3 nan, 4 can, ya auna tsakani. Da ya samu 5 cif, kusurwar gininsa ta tsaya daidai.