Tambaya da Amsa: Agogon bibiyar yara, in saya ko in haƙura?

Salam Anti, ya aiki ya iyali. Ni uwa ce, muna zaune Tudun Jukun nan Zariya, babbar ɗiyata shekararta 9, da safe boko a Sabon Gari da yamma Islamiyya, mai Napep ne ke kai su ya ɗauko su, to wallahi da magariba ta kawo kai ba su shigo ba sai gabana ya yi ta faɗuwa. Maƙwabciyata ta ce akwai agogon da ake ɗaura wa yaro kina ganin duk inda yake a wayarki, Babansu kuma ya ce ɓarnar kuɗi ne kawai. Don Allah wa ya fi gaskiya?
Daga Maman 'yan makaranta, Tudun Jukun

Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya raya mana su. Agogon akwai shi kuma yana aiki, amma ki fara sanin yadda yake aikin kafin ki kai kuɗinki shagunan PZ wani yaro mai daɗin baki ya cika ki da labari.

Abu biyu ne a cikinsa. Akwai GPS, shi ne ke karɓar sigina daga tauraron ɗan'adam ya gane inda yake, wannan kyauta ne. Sai layin waya, sim sosai irin na wayarki, shi ne ke turo miki bayanin, kuma sai da data da sabis. In sabis ya ɗauke agogon ya san inda yake amma ba shi da bakin gaya miki, abin da za ki gani a waya wurin da ya tsaya ne na ƙarshe. Sannan GPS yana son sararin sama, in yarinya tana cikin aji ko can cikin lungunan cikin gari sai agogon ya koma kintace da ƙarfen sabis mafi kusa, a nan zai iya nuna miki tana bayan layi alhali tana zaune gaban malam, ke kuma kin riga kin saka hijabi kin fito a guje.

Inda yake da amfani na gaske shi ne irin damuwarki ta kullum. Mai Napep ya makara, taya ta yi faci a Kwangila, an tashi Islamiyya da wuri yara sun biya gidan ƙawa, ko ranar hawan Sallah yaro ya ɓace cikin cunkoso wajen fada. Kina iya kiran ɗiyarki ta amsa a agogon, lambobin da kika saka ne kawai za su shiga a yawancinsu, akwai madannin neman agaji da za ta danne ya kira ki, kuma kina iya zana da'ira a taswira kewaye da makaranta, da ta fita waya ta yi miki ƙara.

Amma in masu garkuwa kike tunani, to nan Babansu yana da tasa gaskiyar. Waya da agogo su ne farkon abin da ake ƙwacewa, a jefar a kwata ki yi ta kallon ɗigo ɗaya ba ya motsi. Mun ga abin da ya faru a kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli nan Zariya a watan Yunin 2021 da 'yan bindiga suka shiga da dare suka kwashi ɗalibai da malamai, kuma a ƙarshen shekarar gwamnati da kanta ta sa aka katse sabis a wasu yankunan jihar Kaduna na tsawon makonni, duk mai irin agogon nan a can ya zama ado kawai. Ki kuma tuna yarinyar nan ta Kano mai shekara 5 da aka sace a Disambar 2021 tana dawowa daga Islamiyya, mai makarantar bokonsu ne ya ɗauke ta, mutumin da ta sani, wane yaro ne zai danna neman agaji don ya ga malaminsa? Saboda haka mai Napep ɗin nan ki san gidansa, ki san lambar kekensa da tashar da yake lodi, malaman Islamiyya kuma su san ba wanda zai ɗauki yaran sai shi ko ku.

In za ki saya, ki nemi mai 4G don masu arhar da yawa 2G ne, a saka sim a gwada a gabanki kafin ki biya, layin kuma da NIN ɗinki ko na Babansu za a yi masa rajista. Caji kullum da dare, batirin ba ya wuce kwana ɗaya zuwa biyu, kin dai san halin wutarmu. Sai babban abin da mutane ke sakaci da shi, ki canza lambar sirrin da ya zo da ita. A 2019 kamfanin tsaron intanet na Avast ya gano na'urorin bibiya kusan 600,000 duk lambar sirrinsu 123456, wato duk wanda ya iya zai ga inda yaron wani yake. Jamus ma a 2017 hana sayar da agogon yara masu sauraren magana a ɓoye ta yi. Ki tambayi hedimasta tukuna, wasu makarantun ƙwacewa suke.

*

Anti ina wuni. Ɗaliba ce ni, ina zaune Samaru lakca a harabar jami'ar ABU ta Kongo, wani lokacin sai bayan isha nake dawowa. Yayana ya ce zai sayo min AirTag in saka a jaka, zai yi?
Daga ƙanwarki, Samaru

Lafiya lau ƙanwata. AirTag ɗan ƙaramin abin bibiya ne, ba shi da GPS ba shi da sim, Apple ya fito da shi a 2021 don neman makulli da jaka. Da Bluetooth yake raɗa wa duk wani iPhone da ya gifta kusa, shi kuma ya kai rahoto. Cikin ABU da iPhone ya yi yawa zai yi ta nuna ki, amma hanyar Giwa ko wani ƙauye da kowa Tecno da Itel ne zai iya yin shiru na awanni, kuma ba shi da abin da za ki danna ki ce ga ni cikin matsala. Sarƙa da awarwaro masu madanni da kike gani a intanet su ma yawanci da wayarki suke haɗe, in waya ta mutu sun mutu.

Wayar hannunki ta fi shi. A WhatsApp ki tura wa Yaya wurin da kike kai tsaye, akwai na minti 15, awa 1 ko awa 8, ki kunna kafin ki hau mota ki haɗa masa da lambar motar. Ki shiga saitin wayar ki kunna kiran gaggawa, a yawancin Android na yanzu danna madannin kunnawa sau 5 da sauri ne, zai kira 112 ko lambar da kika saka, ni dai lambar ɗan'uwan da ba ya kashe waya na fi yarda da ita. Kuma in wata rana wayarki ta ce akwai wata na'urar bibiya da ke tafiya tare da ke wadda ba taki ba, kar ki share saƙon, tun 2024 iPhone da Android duk suna bada wannan gargaɗin, ki zazzage jakarki a cikin mutane ki nuna wa jami'an tsaron makaranta kafin ki nufi gida.