Ziyarar Hyde Park a Landan: da gaske ne kowa yana faɗin abin da ya ga dama?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan je Landan wani taro a watan Yuni, kuma zan samu yini guda na hutu. Ina yawan kallon bidiyon muhawarar addini da ake yi a Hyde Park. Shin wurin ya cancanci ziyara, kuma da gaske ne a can mutum yana iya faɗin duk abin da ya ga dama ba tare da an kama shi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, wurin ya cancanci ziyara, sai dai idan muhawarar ce za ta kai ka, to ka yi ƙoƙari hutun naka ya faɗo ranar Lahadi, domin ita ce ranar da masu jawabi ke taruwa a kusurwar arewa maso gabas ta wannan babban lambun shaƙatawa, wadda ake kira Speakers' Corner. A sauran ranaku da wuya ka tarar da wani abu ban da fili da masu wucewa. Idan ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Central, ka sauka a tashar Marble Arch, titi kawai za ka tsallaka.

Maganar cewa doka ba ta aiki a wurin kuwa, ba haka take ba. Asalin al'adar daga gwagwarmayar siyasa ne. A shekarar 1866 ƙungiyar Reform League, mai neman a bai wa ma'aikata damar jefa ƙuri'a, ta kira gangami a lambun, gwamnati ta sa aka rufe ƙofofi, jama'a suka ture shingen ƙarfe suka shiga. Bayan shekara shida, wato a 1872, majalisar dokoki ta zartar da dokar da ta halatta yin taro da jawabi a wani sashe na lambun. Abin da aka samu shi ne damar tsayawa a yi magana a bainar jama'a, amma dokokin ƙasa suna nan daram: wanda ya tunzura mutane su ta da fitina, ko ya yi wa wani barazana, 'yan sanda suna iya yin gaba da shi. Shawarata ita ce ka je a matsayin mai sauraro. Masu ɗaukar bidiyo sun cika wurin, kuma kalma guda da ta suɓuce maka cikin zafin gardama tana iya riga ka isa gida.

Kada ka ƙare ziyararka a wannan kusurwa, domin faɗin lambun ya kai hekta 142. Sarki Henry na Takwas ne ya karɓe filin daga hannun limaman cocin Westminster a 1536 ya mayar da shi wurin farautarsa, sai a 1637 Sarki Charles na Ɗaya ya buɗe wa jama'a. Idan ka nufi kudu za ka iske tafkin Serpentine, wanda aka fara haƙawa a 1730 bisa umarnin Sarauniya Caroline, inda ake hayar ƙananan jiragen ruwa lokacin zafi. Gaba da shi akwai Rotten Row, hanyar yashi ta mahaya dawaki, wadda Sarki William na Uku ya sa aka rataye wa fitilun mai 300 saboda 'yan fashi da ke tare matafiya da dare. A nan kusa aka yi babban baje kolin duniya na 1851, amma kada ka wahalar da kanka neman katafaren ginin gilashin da aka yi shi a ciki, domin an kwashe shi zuwa kudancin Landan, can kuma ya ƙone a 1936.

Shiga kyauta ne, kuma ana buɗewa daga ƙarfe biyar na asuba zuwa sha biyun dare. Lambun Kensington da ke manne da shi ta yamma ana rufe shi da faɗuwar rana, wadda a watan Yuni takan wuce ƙarfe tara. Ka riƙe lema ko da gari ya waye tarwai. Ga abinci, titin Edgware Road da ya fara daga Marble Arch cike yake da gidajen abincin Larabawa na halal, kuma daga can zuwa babban masallacin Landan da ke gefen Regent's Park tafiyar kamar rabin sa'a ce a ƙafa.