Daga Damagaram zuwa Jidda: wane tikiti zan sayar wa Inna?

Wani ɗan'uwa daga unguwar Birni ya rubuto cewa yana son kai mahaifiyarsa Umara, shekarunta sun haura saba'in. An nuna masa tikiti biyu daga Yamai: mai araha yana yada zango na awa goma sha ɗaya, mai tsada na awa uku. Yana kuma son sanin ainihin daɗewar jirgi a sama.

Malam, Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka gama da ita lafiya. Daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai zuwa na Sarki Abdul'aziz a Jidda kimanin kilomita 4,000 ne a miƙe. Jirgin fasinja yana cin wajen kilomita 850 a awa, wato awa biyar ke nan ko da ɗoriya. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 jirage da dama kewaye ƙasar suke yi, sai tafiyar ta ƙaru. In kuma ta Istanbul za a bi, nisan ya haura kilomita 6,000. Ka lura da agogo ma: Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, lokacin sauka da ke jikin tikiti kuwa nasu ne.

Amma lissafin Inna daga ƙofar gida yake farawa. Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, ta Maraɗi da Ƙonni da Dosso, daga asuba har dare a mota. Abin da ke ba ni tausayi shi ne yamma kuke nufa alhali Makka tana gabas. Kano ta fi kusa nesa ba kusa ba, kilomita 240 ko makamancin haka, daga can zuwa Jidda kimanin 3,400. Ka tambayi masu shirya tafiyar ko za su iya yanko maka ta Kano, ka kuma bincika halin da iyakar Nijar da Najeriya take ciki kafin ka ba da kuɗi.

In ta Yamai ɗin ce, ka sayi mai zangon awa uku. Na taɓa ganin wata dattijuwa a zango, ƙafafu sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ta shimfiɗa mayafi a ƙasa tana rawar sanyi, ba mai jin Hausa kusa da ita. Rarar kuɗin nan ba ta kai wannan wahala ba. Kada dai zangon ya gaza awa biyu, don tsohuwa ba ta sauri.

Ku isa Yamai da kwana ɗaya a hannu ta huta. Ka nemi a rubuta mata keken turawa tun wurin sayen tikiti, maganinta kuma ya zauna a jakar hannu. Kai ma haraminka kada ya shiga babbar jaka, domin a sama za ku ƙetare miƙati.