Hoton tsaunuka a tsakiyar damina: in fasa tafiyar ko in je?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Garwa da ke arewacin Kamaru. A babban hutun bana ni da ƙanina mun shirya zagaye cikin watan Agusta, mu bi ta Gider, mu kwana biyu a Marwa, mu leƙa Mindif, sannan Mokolo, mu ƙare a Rumsiki. Ina da kyamara mai canjin gilashi da na saya ta hannu, ga kuma wayata. Abokaina suna cewa asarar kuɗi zan yi, wai damina ba lokacin hoto ba ce, gari kullum a lumshe, ruwa kuma zai kashe min kyamara. Sun ce in bari sai Disamba, ni kuwa ba ni da dogon hutu sai yanzu. Mece ce shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kada ka fasa. Abokanka sun yi gaskiya a kan cewa ruwa yana kashe kyamara, za mu zo kan wannan. A kan Disamba ne ban yarda da su ba. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, da yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta rataye ta a sararin sama. Wanda ya taɓa tsayawa a Rumsiki ranar da hazo ya sauka ya san abin da nake nufi: dutsen da ke gabanka ka gan shi, na bayansa dishi-dishi, na uku kuwa babu shi, sama fara fat, ciyawa ta bushe ko an ƙone ta. A Agusta ruwa ya wanke iska tas. Idonka zai kai nesa, tsaunukan Mandara su jeru ɗaya bayan ɗaya, gonakin dawa da aka yi wa matakalar dutse a gangaren tsauni sun yi kore shar. Wannan ba ya samuwa da rani ko nawa ka kashe a kan kyamara.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, hoton damina ba a cikin ruwa ake samunsa ba. A bakin ruwa ake samunsa, wato kafin ya sauko da kuma bayan ya ɗauke. A ƙasarmu hadari galibi daga gabas yake tasowa, kuma sau da yawa da la'asar. A daidai wannan lokaci rana ta karkata yamma. To ka ba rana baya, ka fuskanci gabas. Sama a gabanka baƙi ƙirin, ƙasa kuwa rana tana dukanta a kaikaice, kowane dutse da kowace kuka suna haske kamar an kunna musu fitila. Wani lokaci minti goma kawai yake yi kafin hadarin ya haɗiye ranar. Saboda haka ba a lokacin ake neman wurin tsayawa ba. In ka isa Mindif, wanda bai wuce kilomita 25 daga Marwa ba, ka zagaya tun da hantsi ka ga ta ina dutsen nan mai kama da haƙori ya fi kyau in kana yamma da shi, ka zaɓi abin da za ka sa a gaba, ko gona, ko hanyar shanu, ko kududdufi da dutsen zai fito a cikinsa, sannan ka je ka huta ka dawo bayan sallar la'asar.

Bakan gizo ma ƙa'idarsa ke nan. Ba ya fitowa sai rana tana bayanka, ruwa yana gabanka, kuma ranar ta yi ƙasa da digiri 42 daga doron ƙasa. Shi ya sa ba ka ganinsa da azahar.

Amma hadarin da ke ba ka hoto shi ne mai tsawa, kuma kai ga ka a fili ko a kan tudu riƙe da ƙarfe. Wannan ba abin wasa ba ne. In ka ga walƙiya ka fara ƙirga daƙiƙa har ka ji ƙara. Kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ke nan. In ƙirgarka ba ta kai 30 ba, tattara kayanka ka shiga ɗaki ko mota, ba gindin bishiya ba, kuma ka jira rabin awa bayan tsawar ƙarshe kafin ka fito.

Yanzu saitin kyamara. Ita kyamara in ta ga baƙin hadari sai ta ɗauka duhu ne ya yi yawa, ta ƙara haske da kanta, hadarin ya koma toka-toka, wurin da rana ta haska kuma ya ƙone fari. Ka nemi maɓallin da aka yi wa alamar +/- ka rage zuwa -0.7 ko -1. A waya, ka taɓa wurin da ya fi haske a allon, ka ja 'yar alamar ranar nan ƙasa kaɗan. Wurin da ya yi duhu ana iya farfaɗo da shi daga baya, musamman in ka ɗauka da tsarin RAW, wanda ke ajiye hoton ɗanye yadda kyamara ta kama shi, amma wurin da ya ƙone fari ya tafi ke nan. In gari ya lumshe gaba ɗaya, sama ta zama farin ƙyalle, to ka rage ta a hoton ko ka cire ta kwata-kwata. Irin wannan haske mara inuwa ya fi dacewa da abin kusa: jiƙaƙƙen dutse, jinkar ɗaki mai tsini, jar hanya a tsakiyar kore.

In kuɗinka zai kai abu ɗaya tak, ka sayi filtar CPL, wato ɗan faifan gilashi mai rage ƙyalli da ake ɗaurawa a gaba, daidai faɗin bakin gilashinka. Jiƙaƙƙen ganye da jiƙaƙƙen dutse suna ƙyalli, ƙyallin nan shi ke kashe launi. Kana murɗa filtar kana gani da idonka ƙyallin yana gushewa, koren yana fitowa. Tana cin fiye da rabin hasken da ke shiga, don haka ka ɗaga ISO, wato saitin ƙarfin jin haske na kyamara, zuwa 400 ko 800 kada hoton ya girgiza. Ka kula da ita wajen bakan gizo: murɗawa ɗaya ta ƙara masa kyau, wata murɗawar ta shafe shi ɗungum.

Shi kansa ruwan, in kana son ya fito, sai ka sa wani abu mai duhu a bayansa, kamar ƙofar zaure ko inuwar bishiya. In ka saita saurin ƙiftawar kyamara, a 1/500 na daƙiƙa za ka ga ɗigo, a 1/60 za ka ga zare-zare. Daga ƙarƙashin rumfa ake ɗaukar wannan.

Mu koma kan tsoron abokanka. Yayyafi ba ya kashe kyamara nan take. Ka samu farar leda mai kauri, ka huda gindinta daidai bakin gilashi, ka ɗaure da robar ɗaure kuɗi, hannunka ya shiga ta bakin ledar. Ka bar hular gilashin, wato zoben nan mai yi wa bakinsa inuwa, a kai, ka riƙa sunkuyar da kyamarar sai lokacin ɗauka, ƙaninka ya riƙe maka lema. Ɗigo ɗaya a kan gilashi ya isa ya ɓata hoto ba ka sani ba sai ka koma gida, saboda haka ka riƙa dubawa. Ka ɗauki ƙyallen goge tabarau biyu ko uku a leda daban, ka dangwala, kada ka murza. Iskar da ke zuwa gaban hadari tana ɗauke da yashi, in ka murza shi da ƙyalle ka karce gilashin. Kada kuma ka canza gilashi a cikin wannan iska. Wayar da aka rubuta wa IP67, alamar jure ƙura da ruwa, an gwada ta a zurfin mita ɗaya na minti 30, amma tana sabuwa aka yi gwajin, wadda ta sha faɗuwa ko ta je wajen mai gyara ba ta da wannan tabbaci. In allonta ya jiƙe ya ƙi jin yatsa, maɓallin ƙara sauti yana ɗaukar hoto. Kada ka sa ta caji alhali ramin cajin da ruwa.

Abin da ya fi ruwan sama ɓarna, wanda mutane ba sa lura da shi, danshi ne. Ni kaina na yi asarar gilashi ta haka. Na dawo daga tafiya ruwa ya ɗan taɓa jakar, na zuge ta na ajiye a ƙasan akwati. Bayan 'yan makonni na buɗe na tarar da fumfuna ta yi saƙa kamar yanar gizo a can cikin gilashin, inda ƙyalle ba ya kaiwa. Aka buɗe aka goge, amma tabon bai fita ba. Don haka kowane dare ka fitar da komai daga jaka, ka cire ledar, ka shanya a inda iska take. Ƙananan ƙunshin silika da ake samu a kwalin sabon takalmi ko na magani, ka tara su ka zuba a jakar. In kun fito daga mota ko ɗaki mai na'urar sanyi zuwa cikin ɗumin waje, gilashi zai yi gumi ciki da waje. Ka bar kyamarar a rufe cikin jaka kamar minti 20 ta saba tukuna. In kuwa tsautsayi ya sa ta jiƙe sosai, ka kashe ta, ka cire batir da katin ajiya, ka buɗe duk murfinta, ka bar ta a inuwa mai iska kwana biyu. Kunnawa don a ga ko tana aiki shi ke ƙarasa ta. Binnewa a shinkafa ba ya fin iska amfani, ƙura kawai yake ƙara mata.

Hanyarku tana da wuri ɗaya da nake so ka yi hattara. Kwazazzabon Kola da ke kusa da Gider, wanda ake shiga ciki ana hoto da rani, a damina Mayo Luti ne ke cika shi. Daga sama za ka ɗauka, nesa da baki, don jiƙaƙƙen dutse santsi gare shi. Haka kowane mayo, wato kogi, har Kaliyawo da Tsanaga na cikin Marwa: ruwa yana iya sauka a kan tsauni ku ba ku ga ko ɗigo ba, sai ga shi ya taho da ƙarfi a kan yashin da kake tsaye. Inda hanya ta ratsa ta cikin mayo babu gada, in ruwa yana gudu ku jira tare da mutanen wurin. Ku bar kwana ɗaya rara a lissafinku saboda irin wannan. A Mokolo ku tambayi halin hanya da na tsaro kafin ku kama hanyar Rumsiki, tunda yankin bakin iyaka ne, ku kuma ɗauki ɗan jagora ɗan garin. Kada ka ɗaga kyamara a shingen sojoji ko kan gada. Manomin da ke cikin gonarsa kuwa, ka yi masa sallama da sannu da aiki, ka nemi izini kafin ka ɗauka.

A Rumsiki ku yi ƙoƙari ku kwana biyu. In Allah ya sa aka yi ruwa da dare, ana idar da sallar asuba ka fita, batir a cike, ka tsaya a bakin kwarin da ke tsakanin garin da Najeriya kafin ƙarfe shida. A irin wannan safiya farin tururi yakan kwanta a ƙasan kwarin, dogayen duwatsun su tsattsago ta cikinsa, rana kuma tana fitowa ta bayanka. Ka ɗauki na faɗi guda biyu, sannan ka jawo dutse ɗaya kusa ka jira tururin ya motsa. Da rana ta ɗan yi zafi zai watse.