Fim ɗin da bai kama ba

Ɗana, saƙonka ya iso, na yi dariya har sai da innarka ta leƙo. Wai rowa ce ta sa mutanen zamaninmu suke wuni a waje da kyamara su dawo da hoto biyu kacal? Kuma wai ko ka sayi fim ka sa wa tsohuwar kyamarar nan Pentax K1000 da na ba ka? Rowa! Allah ya shirye ka.

Naɗin fim guda hoto 36 yake ci, wani ma 24, kuma ba ka ganin abin da ka yi sai an wanke. Maigidan da ya koya mini, Allah ya jiƙansa, yakan ce hoto da ƙafa ake ɗaukarsa, yatsa shaida ne kawai. Sati guda ya sa ni zagayen bayan gidanmu hannu wofi kafin ya bar ni in taɓa kyamara. A lokacin na ɗauka mugunta ce.

Akwai wani dutse da rafi a gindinsa, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba. Tun ina yaro nake wuce shi, ban taɓa ɗaga kai ba. Na ce shi zan fara ɗauka. Ranar farko na je da tsakar rana, na tarar da shi a shafe, babu inuwa ko ɗaya, kamar bangon da aka yi wa yaɓe. Maigida ya ce, "Rana ba ta yi maka alkawari ba, koma." Na koma da sassafe, na koma da la'asar sakaliya. A nan na ga idan rana ta kwanta ta gefe, kowace tsaga a jikin dutsen sai ta fito, ruwan ya koma kamar tagulla. Batirin ma'aunin hasken ya mutu, sai na bi ƙa'idar da ya haddatar da ni: rana tarwai, fim mai ƙarfin kama haske ASA 100, ka sa buɗin idon kyamara a f/16, saurin ƙiftawarsa a 1/125 na daƙiƙa, hadari ya taso ka ƙara buɗe idon. Kwana huɗu ina wannan sintiri, ƙaya ta yage mini wando, ina ƙirga kowane hoto kamar mai ƙirga sauran kwanansa.

Na kai 36, hannun naɗin da ake ja bayan kowane hoto bai cije ba kamar yadda yake yi in fim ya ƙare. Na sake ja, ya tafi sumul. Gabana ya faɗi. Ashe tun farko bakin fim ɗin bai kama ba, iska na yi ta ɗauka. Maigida ya yi dariya har da hawaye, ya ce sauri ya haifi nawa. Amma ko yau ka tashe ni daga barci zan gaya maka inda inuwar dutsen nan take kaiwa da ƙarfe biyar.

Ku kuwa, na ga wayarka ranar nan, hotuna sun fi dubu, rabinsu fuskarka ce. Ta wane gefe rana take fara taɓa katangar gidan da kake kwana? Na san sai ka fita ka duba.

Maganar sayen fim, to, kai dai ka gani. In ka saya, kada ka bar shi cikin mota a rana, zafi yana ɓata shi. In ka ja hannun naɗin kuma, ka zuba wa ɗan murfin nan na hagu da ake mayar da fim da shi ido, in bai juya ba, fim ɗinka bai kama ba. Ka gaida mahaifiyarka.